Yaya Ta Tafi da Takalmana

Zuwa ga Mama,

Ina gaishe ki da kyau, tare da Baba da ƙannena. Ya ƙafar Kaka? Ni lafiya lau nake, karatu yana tafiya, Yaya kuma tana kula da ni. Kada ki damu.

Sai dai akwai abin da na kasa ganewa. A sashensu na asibiti su biyu suka rage, sauran nas-nas duk sun bar aikin. In ta dawo, a bakin ƙofa take zama da kayan aiki a jikinta, har abinci ya huce. Jiya ta cire fararen takalmanta ta jefa a kwandon shara, ta ce, "Na gama. Ko da igiya ba mai mayar da ni." Na ji daɗi, na ce a raina gara ta huta. Na fitar da sharar, masu kwasa suka tafi da ita.

Da safe sai ga ta a shirye tana leƙen kwandon. Na faɗa mata masu kwasa sun tafi da su. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "Ke ƙanwata, ai kowane mako sai na jefar da su! Akwai tsohuwar da ba ta cin abinci sai a hannuna."

Mama, in roƙe ta ta bari ne, ko in ci gaba da goge mata kaya? Ki kira ta, amma kada ki ce ni na faɗa. Yau ban je makaranta ba. Da takalmana ta tafi, kuma sun matse ta.

Allah ya ƙara miki lafiya.

'Yarki