Hannun da Ƙanƙara Ta Ci

Bandjoun, 3 ga Maris

Yaya Achille,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya. Ya sanyin Faransa, ya aiki? Mama tana gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko injiniyoyi ba sa cin abinci, don a hoto wuyanka ya ƙara tsawo.

A takarda na rubuta na ɗauki hotonta na turo, saboda in na kira ka, kafin in kai ga tambaya sai ka ce za ka shiga taro. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san a aji biyar na tsaya.

Jikin Baba ba daɗi. Ƙafafunsa sun kumbura, gonar kofi ma ba ya iya zuwa. Ranar Lahadi ya kira tsofaffin abokansa biyu suka rufe ƙofa. Ni da kai mun san abin da ake yi in an rufe ƙofa haka: ya ba su sunan magajinsa. Washegari ya sa na sauko da kujerar kakanmu na shafa mata mai. Baffa Wabo kuwa tun ranar yake zagaya gida, hannu a baya, yana auna fili da ido. In aka tashi kama magaji a zaunar da shi a kujerar aka tarar ba ya nan, ka san wanda zai miƙe ya ce shi zai riƙe gida.

Wata tara ke nan da ka gama karatu. Yaushe za ka zo?

Ƙaninka,
Landry

Rennes, 11 ga Maris

Landry,

Na ga saƙonka, ina amsa gaisuwa. Ka gaishe da Baba da jiki, Allah ya ba shi lafiya.

Aiki a nan ba irin na kasuwar Bafoussam ba ne, da za ka ce wa maigida kana zuwa ka kama hanya. Sabon injiniya ba ya neman hutu a shekararsa ta farko. Muna tsakiyar wani babban aiki, kuma a wuyana yake. Zuwa ƙarshen shekara zan duba.

Ga sabon hoto a ƙofar ofishinmu, ka nuna wa Mama ta kwantar da hankalinta. Baffa Wabo kuma ka bar shi ya yi ta awo, motsa jiki ne.

Yayanka,
Injiniya A. Kenmogne

Bandjoun, 19 ga Maris

Yaya Achille,

Bayan gaisuwa. Mama ta ga hoton, ta zagaya da shi har gidan mai sayar da alalen koki. Ni kuma na zauna na jera shi da biyun da ka turo a baya.

Riga ɗaya ce a duka ukun. Ƙofar gilashi ɗaya ce, ba wuta a ciki, ba mutum ko ɗaya, kamar ranar Lahadi. A biyun farko hannuwanka suna aljihu. A wannan ka manta ka fito da na hagu ka riƙe jaka.

Yaya, shekara shida ina ɗaukar kwalin kifi a ɗakin sanyi. Na san hannun da ƙanƙara ta ci. Na san yadda gaɓar yatsa ke tsagewa, da zoben da safar roba ke bari a wuyan hannu. Biro ba ya yin wannan. Na buɗe hoton na ajiye nawa hannun kusa da naka, sai ka ce tagwaye.

Ban gaya wa kowa ba. Ba gaggawa nake yi ba, amma numfashin Baba yana yi. Jiya ya ce da ni, "Kai mai idon kaza da tsaba ba ta ɓuya maka, ɗan'uwanka ya faɗi ranar zuwa?" Na ce tukuna. Ka ba ni abin da zan faɗa masa wanda ba ƙarya ba.

Ƙaninka,
Landry

Rennes, 27 ga Maris

Landry,

Ina gaisuwa. Kwana takwas ina riƙe da takardarka ina jin haushi. Na tambayi kaina me kake nema da wannan bincike. Kai ke kusa da Baba, kai ka shafa wa kujera mai. In ka kai masa hoton ka ce ga injiniyanku, wa zai rage a gida in ba kai ba? Har yanzu ban gama cire wannan daga raina ba, gara in faɗa maka.

To, ji. A masana'antar kaji nake. Ina tsayawa awa takwas ina zare ƙashi daga cinya, cikin sanyin da kai ma ka sani. Wurare sittin da ɗaya na nemi aikin da na karanta, uku suka kira ni. Ofishin da ke hoton yana cikin ukun, sun ce in saurare su. A ƙofarsu nake tsayawa ranar Lahadi, wani ɗan Gini da muke ɗaki ɗaya ya ɗauke ni hoto.

Takardar zamana ta ɗalibi ta ƙare. Na nemi sabuwa, abin da ke hannuna yanzu 'yar shaida ce ta jira. In na fita da ita, ba lallai a bar ni in sake shiga ba. Shekara biyar na karatu, da yankin gonar da Baba ya sayar saboda ni, duk su tafi a tikiti ɗaya.

Ba zan iya zuwa ba. Yanzu ka sani. Ka yi abin da ka ga dama da shi.

Achille

Bandjoun, 20 ga Afrilu

Yaya,

Ina gaishe ka, ina kuma yi mana ta'aziyya. Ka ji a waya, amma akwai abin da ban faɗa ba, don Mama na tsaye.

Ban kai wa Baba hoton ba, shi ya nema. Kwana biyu kafin ya cika ya ce in ba shi wayar. Ya daɗe yana kallo, ba fuskarka ba. Sai ya ce, "Yaron nan aiki yake yi. Ka aika masa da man alayyadi." Ya juya ya fuskanci bango.

Ranar kama magaji tsofaffin nan biyu suka faɗi sunanka. Baffa Wabo ya ce, "To ina yake, ko a waya za a zaunar da shi?" Ɗayansu ya ce marigayi ya sake kiransu a makon ƙarshe, sunan bai canja ba, ya ƙara dai cewa Landry ya tsaya a madadinsa har ya iso. Suka kama ni. Ban zauna a kujerar ba, hannu na ɗora a kanta, kowa ya gani.

Kujerar tana ɗakin Baba, na rufe ta da zane. Man yana wurin matar maƙwabcinmu Simo, jirginta na Faransa ranar Alhamis. Ka shafa safe da yamma, ka fi shafawa a gaɓoɓin.

Hoto na gaba, ka fito da hannun duka biyu.

Ƙaninka,
Landry