Kafin garma ta hau kabarin Mama Saratu

Zuwa ga ƙawata Rifkatu,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Babanki da ƙannenki a can Zuru. Mu nan Gwashi lafiya lau, sai zafi da jiran ruwa.

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Waƙar cocinku da mahaifiyarki, Mama Saratu, take yi a maƙogwaro idan tana karɓar haihuwa, da ita matan garin nan suke lallashin jarirai yanzu. A kan gwiwa suka koye ta, ba su san daga inda ta fito ba. Ni na sani, don na ji kuna rera ta ran Lahadi, ina raɓe bayan danga ina jiranki mu tafi rijiya. Inna tana yi wa autanmu Nasiru, ba ya barci sai da ita.

Kin san ni da littattafan soyayya. A cikinsu mamaci a mafarki yake dawowa, da fararen kaya da murmushi. Mama ba ta taɓa zo mini a mafarki ba. Da rana tsaka nake jin ta.

Shekaranjiya na kai wa Baba fura gona, na bi ta gefen gonar Kawu Bawa, gindin aduwar da aka binne ta. Gara ta cinye gicciyen da Babanki ya kafa. Tudun yana nan kwance gabas da yamma, ba kudu da arewa irin namu ba. Babu iska, ko kukan tsuntsu babu. Sai na ji waƙar, a hankali, kamar a bayan kunnena. Na waiga, ba kowa. Ko daga rugar Fulani ta taso, ko daga bakina take fita, wallahi Rifkatu ban sani ba.

Kuma an share kabarin. Zanen tsintsiya sabo fil, amma babu sawun ƙafa ko ɗaya. Mai sharar da baya ya fita, yana goge sawunsa.

Ga dalilin rubutuna. Kawu Bawa ya ce da ruwan fari ya sauka zai sa garma a wurin. Wai aron kusurwar ya ba Babanki, kun tashi shekarar da aka ƙaddamar da shari'a, har yau ba wanda ya waiwayo.

Tun da ya faɗi haka zaurenmu bai huta da gardama ba. Ina kai musu ruwa, in laɓe bayan ƙyaure. Kawu yana cewa, “Mi addininsu ya kawo muna in ba gidan giya da raba kan mutane ba?” Baba ya ce masa, “To ɗiyanka hannun wa suka faɗo?” Kawu ya ce wannan kirkin matar ne, ba na cocinta ba. Wani malamin firamare ya ce shi abin da ya ji a rediyo ya ishe shi, can manyan garuruwa kowane ɓangare da sunan Allah ya ɗauki adda. Aka taso masa gaba ɗaya.

Ni ban san amsar ba. Ina son addinina, kin sani. Amma na tuna ranar da fastonku ya hana ki cin naman layyarmu, kika zauna bayan ɗaki kina kuka. Na tuna malamarmu ta Islamiyya ta hana ni shinkafar Kirsimetinku. Kuma na tuna Mama ba ta taɓa mai naƙuda sai ta rufe ido ta yi addu'arta. To ta ina Kawu zai yanka ya ce nan kirki ya ƙare, nan coci ya fara?

Inna ba ta shiga maganar maza. Abu ɗaya ta ce mini: “Hannunta yaf fara taɓa ki, ni ko ganinki ban yi ba.” Jiya na ɗauki tsintsiyar Inna, ƙayar aduwa ta soke ni. Babu aduwa a unguwarmu.

Rifkatuna, ki gaya wa Babanki ya zo kafin ruwa, ko da dutse ne ya kafa. Idan garma ta wuce sau ɗaya, ni ma ba zan ƙara gane wurin ba.

Gobe Baba zai je kasuwar Gummi, can ake samun direbobin Zuru. Ba ya ɗaukar takardar yarinya sai ya karanta. Idan ya karanta, zai san asalin waƙar, zai san maganar tsintsiya, wataƙila ya hana Inna duka biyun. Na so in yage shafin farko. Amma ga hadari can yana haɗuwa a gabas, kuma na gaji da sanin abin nan ni kaɗai. Zan miƙa masa a buɗe.

Ban san addu'ar da ta dace in yi wa Mama ba. Allah da ya ga abin da hannunta ya yi, na bar ta gare shi. Ke kuma ya tsare ki, ya kawo ki kafin ruwa.

Taki mai jiranki a bayan danga,
Balkisu