Saƙon da Ya Fita da Sunan Mama

Cotonou, Fidjrossè

Zuwa ga yayana, Fofo Mahougnon,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kai da iyali, kuma sanyin Lyon bai takura muku ba. Allah ya ƙara tsare ku. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Mama ta yi sauƙi, har ta koma yi wa masu yanka abarba faɗa, ka san alamar lafiyarta ke nan.

Fofo, maganar kamfani ce ta sa na rubuto. Tallan busasshiyar abarba da muke tura wa masu saye ta imel, duk cikin kwandon shara yake faɗawa. Na kira wani Gildas da ke aikin gyaran imel. Ya ce adireshinmu na intanet ba shi da hatimi, wato babu shaidar cewa mu ne muka aiko, kuma kowa na iya tura saƙo da sunanmu. Wai 'yan layukan rubutu zai saka a inda ka yi rajistar adireshin, sai ƙofa ta rufu. Da ya nemi kalmar sirri, ban yarda ba. Mutum da turare kamar ango, bakinsa zaƙi, zan miƙa masa sunan da Mama ta gina da guminta? Na ce masa kalmar tana hannun yayana, ya rubuto layukan kai ka saka da kanka. Bai yi gardama ba ko kaɗan, har na ji kunya.

Tun kafin Ista na tura maka su. Ka ce aiki ya yi maka yawa. Na sake tuna maka, ka ce Gildas ɗan damfara ne, alhali ko fuskarsa ba ka taɓa gani ba. Da na matsa, sai wai ka manta kalmar. Kai da har yau kake riƙe da lambar babur ɗin marigayi Papa a ka!

To, makon jiya Madam Afiavi, mai sayen kayanmu ta Lomé, ta turo mini wani saƙo da sunanmu da hoton Mama, wai mun canza lambar karɓar oda. Ni ban aika ba. Gildas ya duba asalin saƙon, ya yi ta kame-kame, sai da na tsare shi da ido kafin ya ce daga wajen Lyon ya fito.

Raina ya ɓaci, Fofo, kuma tsoro nake ji. Ban gaya wa Mama ba. Ina roƙon Allah a ce wani ne ya shiga kwamfutarka. In haka ne, saka layukan nan kafin Lahadi, a rufe ƙofar, ba zan ƙara tayar da zancen ba. In Lahadi ta wuce shiru, na sami amsata, kuma Mama za ta ji daga bakina.

Ka gaida matarka Sènami, da Dossou da ƙaramar Sika. Tanti Akouavi na gaishe ku. Mama ta ce in gaya maka kullum kai take fara sawa a addu'a.

Ƙanwarka da ke jira,
Houéfa