Na Ce Ta Yi Kama da Kakarta, Alhali Na Manta Fuskar

Na yi jika, Ustaza Widad! Mace, lafiyayya, gashi cike da kai. Af, ko sallama ban yi ba. Assalamu alaikum. Ki taimake ni, murna ta zo amma laifi ya hana ta zama.

Matata Bahiyya ta rasu 'yarmu Nagat tana shekara biyu. Hotonta ɗaya ne, shi ma ruwan da ya shiga gidanmu ya cinye shi. Nagat ba ta san kamannin uwarta ba sai a bakina.

Ranar suna, bisa al'adarmu, an kunna kyandir uku, kowanne da sunan da aka ba shi, wanda ya fi daɗewa yana ci sunansa za a sa wa yarinya. Ana buga turmi ana guɗa, Nagat ta ɗora min jaririyar, ta ce, "Baba, tsakaninka da Allah, ta yi kama da Mama?" Yarinyar ta yamutsa goshi, ƙirjina ya buga, na ce, "Sak!" Nan take Nagat ta hure kyandir biyu ta bar na Bahiyya, mijinta yana dariya yana cewa an yi masa maguɗi.

Ustaza, ni fa na manta fuskar. Na fi shekara goma ina rufe ido, ba ta zuwa. Muryarta tana nan, da ɗan tarin da take yi kafin ta rufe ni da faɗa. Da na koyi rubutu a ajin yamma, ina ɗan shekara sittin, kamanninta na fara gwada rubutawa. Layi biyu na samu. Wane irin miji ne ni? In gaya wa Nagat?

Duk da haka, kowa ya zo ya ga Bahiyya ƙarama, ƙofarmu a buɗe take.

Kaka mai nauyin zuciya, daga garin Isna

Barka, Kaka.

Ba kai ka yar da fuskar ba. Kiran fuska da ido a rufe daban, gane ta in an gani daban. Na farkon yakan dushe da shekaru, ko ga wanda aka fi so. Bugun ƙirjin nan ƙila ganewa ce, ƙila kewa ce. Ni ba zan rantse ba, kai ma kada ka rantse. "Sak" ɗin ce kawai ta yi yawa.

Ka gaya wa Nagat, amma bari ta yi arba'in. Ce mata goshin ne ya taɓa ka, sauran ya ɓace maka. Za ta ji zafi, sai dai da Allah ta haɗa ka, gaskiya take bin ka.

Sannan ka ɗauko littafinka. Bar fuska, rubuta tarin nan da faɗan. Su ma ba ta da su, kuma ba mai ba ta sai kai.

Allah ya jiƙan babba, ya raya ƙarama.