Fulin Famfo Ya Faɗi a Hanyar Batsari

Zuwa ga Zuwairatu 'yar Malam, ruwan farkon damina, inuwar tsamiya da tsakar rana, wadda murmushinta ya fi nonon safe daɗi! Gaisuwa mai yawa daga Armaya'u direba, wanda ke rubuto miki da yatsu baƙi ƙirin, yana zaune a ƙasa a bayan garin Babban Duhu.

Kin tuna ranar kasuwar Batsari da motata ta tafasa a bakin rijiya? Kika sauke tulunki kika ba ni, na ɗura wa motar duk ruwan, kika ce ashe dokin Turawa ya fi na Allah ƙishirwa. Kika tafi kina dariya da tulu wayam. Wayyo! Tun ranar inji ya huce, ni kuwa har yau ban huce ba.

Na san jiya Malam ya sa an shimfiɗa tabarmi a zaure, yana jiran iyayena su zo neman aurenki. Na san kin sa kunne har rana ta faɗi. Ya hasken idona, wallahi mun taso! Kawu Rabe da Baffa Mahmudu sun so su hau jakuna daga Safana, na ce faufau, sai dai a babbar motar maigidana, don duk Batsari su ga irin surukin da Malam zai yi. Suka hakimce a gaba da manyan riguna, ƙwaryar goro a cinya.

Muna cikin tafiya sai ƙarar ƙarfe, sai tururi. Fulin famfon ruwa, wato faifan ƙarfen da fambel ke juyawa don ruwa ya zaga inji, ya kwance ya gangara cikin gonar dawa. Abin da bai kai faifan rufe ƙwarya ba, shi ya tsaya tsakanina da ke! Akwai wulaƙancin da ya fi wannan? Na yi ta rarrafe cikin karmami ina laluben notuna, Di'o, Baturen gunduma, ya wuce a motarsa, ya ɗaga mini hannu cikin fara'a, bai tsaya ba.

Na tsinto fulin, na goge, na ɗora a bakin famfo, na daidaita ramuka. Noti ɗaya ya ɓata, na ciro na kujerar da Baffa ke zaune a kai. Na ɗaure su a hankali, wannan kaɗan, na daura da shi kaɗan, don kada fulin ya karkace. Aiki ya yi kyau ƙwarai, sai da na zo sa fambel na ga ashe a juye na ɗaura shi. Laifin wa? Hannuna na kan sufana, hankalina na kan wushiryarki!

Da gari ya waye Kawu ya ari jakuna biyu don su ƙarasa Batsari shi da Baffa, ya ce mini "Allah ya ba da sa'a, direba." A aljihunsa wannan takarda za ta iso miki.

Ya sanyin zuciyata, na ji Barau mai shanu ma ya aiko nasa mutanen, su kuma da ƙafa suka zo, suka iso kan lokaci. Ina roƙonki, ki sa Inna ta tausa Malam kada ya ba su amsa. Shin za a ƙwace mini ke saboda guntun ƙarfe?

Yanzu na juya fulin daidai, fambel ya ɗame, na danna da babban yatsa bai lotsa ba. Saura in murɗa handul in ta da inji. In motar ta tashi, kafin la'asar kin ji gurnanina. In ta ƙi, na rantse zan bar ta a nan kaji su yi ƙwai a cikinta, maigida ya kore ni in ya ga dama, in taho miki da ƙafata.

Naki, a mota ko a ƙasa, har ranar da za a sa ni a makara,

Armaya'u