Mai Walda Ya Ce Ya Warke

Zuwa ga Sista mai bibiyar majinyatan korona da aka sallama.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da abokan aikinki, har da likitan nan dogo da ba ya dariya.

Ni ne mai waldar da ya kwanta a gadon jikin taga, wanda ya gaya muku ƙafar gadon aikin ɗan koyo ce. Tunda kin matsa da waya kina son jin ko ina iya ɗawainiyar kaina, bari ki san wanda kike tambaya. A tsakiyar sakandare na tsaya, ba don kai ya gaza ba, don babu mai biya. Da injin haya na fara a gindin katanga, ko rumfa babu. Yau shagona ƙofa biyu ne, injinan nawa, janareta nawa, magidanta suna cin abinci a ƙarƙashina. Gidan da nake ciki ni na gina, ƙofofinsa da tagoginsa da hannuna na haɗa. Na ɗauki nauyin ƙannena, na sa 'yata ta yi karatun da ban samu ba. Babu kawu, babu ubangida, babu mai buɗe baki ya ce shi ya ɗaga ni. Kuma tunda nake ban taɓa rubuta awo a takarda ba. In na ɗora tef a bakin ƙofa, awon ya zauna a kaina ke nan har a kafa ta.

Ki daina kira, ƙarar injin gurza ba ta bari a ji magana. Ga amsoshinki a rubuce. Numfashi lafiya lau. Bene ina hawa. Barci ina yi. Abinci kuwa, in ya yi lami, hannun uwargida ne ya canza, ba harshena ba. Tambayar mantuwa ma ban ji daɗinta ba. Ki rubuta na warke.

Allah ya saka muku da alheri, kun yi ƙoƙari.

Naki, mai walda.

*

Baba mai walda,

Wa alaikumus salam. Na ga wasiƙarka, kuma duk ɗakin sun tuna ka. An canza ƙafar gadon.

Na rubuta amsoshinka yadda ka faɗa. Amma akwai abin da ya kamata ka sani. Asibiti ya buɗe wani sashe na musamman don waɗanda cutar ta bar wa sauran aiki: ana koya musu motsa huhu, ana duba zuciya, ana taimaka wa masu mantuwa. Gurbin kaɗan ne, kuma ba da gwaji ake rabawa ba, da abin da mutum ya faɗa da bakinsa ne. Wanda ya ce ya warke ba a kiransa.

Baba, ranar da muka yi waya ban ji ƙarar inji ba. Na dai ji kana tsayawa tsakanin kalma da kalma. In akwai amsar da kake son gyarawa, ƙofa a buɗe take tukuna.

Ka huta lafiya. 'Yarka, Sista.

*

Sista,

Salamu alaikum, ya aiki.

Kunnenki ya yi tsini da yawa. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana shaƙar hayaƙin walda dole muryarsa ta ɗan yi tsatsa, wannan tun kafin a haifi koronarku ne. Ku ba masu bukata gurbin. Akwai tsohon malamin makarantar da ya kwanta kusa da ni, wanda ko ruwa aka ba shi sai ya yi ƙorafin kofin. Shi ya dace da ku. Ki gaishe shi, ki ce maƙwabcinsa na taga ya koma aiki.

Yanzu haka na karɓi aikin babban get na wata makaranta. Ni na je na auna da kaina. In an kafa zan aiko miki da hoto ki nuna wa likita, ya ga aikin wanda kuke cewa bai warke ba.

Na gode da kulawa. Mai walda.

*

Anti Sista,

Assalamu alaikum. Ni ce 'yar mai walda, wadda take kawo masa kaya bakin ƙofa lokacin da ba a barin kowa shiga. Ki yi haƙuri da shisshigi, kuma don Allah kada ya san na rubuto.

Duk abin da Baba ya gaya miki ba haka yake ba. In zai hau ɗakinsa, a tsakiyar bene yake tsayawa ya dafa ƙarfen, ya yi kamar yana duba waldar jiki. Ƙarfen nan tun ina goye yake wurin, babu abin da ya same shi. Wanka in ya yi, sai ya zauna bakin gado ya daɗe kafin ya iya sa riga. Waya kuwa ya daina ɗauka gaba ɗaya, don kada a ji hakinsa.

Abin da ya tayar mini da hankali a shago ya faru. Tiyon gas ya tsage, warin ya cika wurin har mai shayin tsallaken titi ya toshe hanci. Baba yana tsaye a kan tukunyar gas ɗin da ashana a hannu zai kunna wuta, bai ji komai ba. Kawu Gajere, babban ma'aikacinsa, shi ya doke hannun. Maimakon godiya sai Baba ya ce, "Yau ni kake duka a shagona?" Kawu ya ce, "Gara ka kore ni da ƙafafuna da a kwashe mu a buhu." Kwana biyu ba su gaisa ba.

Mama ta yi magana, ya ce mata ta fara gyara miyarta tukuna. Don Allah Anti ki sa shi a sashen nan. In takarda ta zo daga asibiti zai je, yana jin nauyin likita.

Na gode. Allah ya bar zumunci.

*

Ƙanwata,

Wa alaikumus salam. Na karanta, kuma ban yi mamaki ba. Amma hannuna a ɗaure yake. Ba a yarda in rubuta abin da 'ya ko mata ta faɗa ba, sai abin da majinyaci ya faɗa da kansa. Layi ɗaya daga hannunsa ya ishe ni. Ki lallaɓa shi, kuma ki hanzarta, gurbin yana cika. Ki ce wa Kawun naku kada ya bar shi kusa da gas.

Ki gaida Mama. Sista.

*

Sista,

Salamu alaikum. Gaisuwar a taƙaice, don raina a ɓace yake.

Na ga amsar da kika ba 'yata, ta bar ta a kan firji. Ashe taro ake yi a kaina. Yarinyar da na koya wa riƙe cokali ita ce yau take ƙirga mini numfashi a bene. Na tambaye ta, "Ke likita ce?" Ta ce, "A'a Baba, ni dai mai jin tarinka ce ta bango." Kin ji bakin 'yan boko. Ni na biya kuɗin wannan bakin.

Kuma tunda labarina yana riga ni zuwa wurinki, gara ki ji na get ɗin daga gare ni. Mun kai shi makaranta a mota, ɗalibai sun fito kallo. Aka ɗaga, aka jingina, sai ga rata tsakaninsa da ginshiƙi, wadda akuya za ta wuce ba ta goga ba. Mai makarantar ya ce, "Maigida, wannan na wace makarantar ne?" Magini yana gefe yana murmushi. Na ce masa ginshiƙinsa ne ya karkace, ko kuma ya matsar da shi bayan na auna. Ya ce, "Siminti ba ya tafiya, sai dai kai." Gajere ya ja ni gefe ya ce a hankali, "Yaya, da ka bari na rubuta ranar." Na ce wanda ya koya masa riƙe tef bai mutu ba tukuna.

Mun dawo da get ɗin, yana jingine a bayan shago. An ba wani aikin, wani da na san ranar da ya fara ƙona yatsa. Laifin magini ne, kuma zan tabbatar. Amsoshina suna nan yadda na ba ki, kada a taɓa ko ɗaya.

Mai walda.

*

Baba,

Assalamu alaikum. Na jira ko za ka sake rubutowa, shiru. Dole in sanar da kai inda aka kwana.

Gurbin ya cika, an rufe karɓa. An kuma tattara amsoshin kowa an aika wa manya, su za su duba su ga ko sashen ya cancanci a ci gaba da shi. Mafi yawan mutane sun ce sun warke sarai, kana cikinsu, don haka ana maganar ba za a ƙara gurbi ba. Kada ka damu da sirrinka, ba a sa sunan kowa, lamba ake ba kowane majinyaci.

Malamin da ka ce in gaisar ya samu shiga. Shi kam bai rage komai ba, har ciwon ɗan yatsa ya faɗa. Yanzu yana zuwa da ƙafarsa daga bakin titi ba ya hutawa. Ya ce in gaya maka har yanzu kofunanmu ba su da kyau.

Ban ji daɗin yadda abin ya ƙare ba, Baba. In jiki ya matsa, ka zo ta layin kowa da kowa, zan yi abin da zan iya.

'Yarka, Sista.

*

Sista,

Wa alaikumus salam.

Na koma makarantar ni kaɗai ranar da babu ɗalibai, na sake ɗora tef. Ginshiƙan daidai suke. Kafin in kai bakin titi awon ya sake fita daga kaina. Na tsaya a wurin na daɗe.

Makullan shago suna hannun Gajere tun makon jiya. Ina zuwa in zauna a kujera a waje, masu wucewa suna cewa sannu da hutawa.

Ga amsoshin. Numfashi ba ya isata. Bene sai na huta. Ba na jin wari, ba na jin ɗanɗano, matata ba ta da laifi. Ina mantuwa.

Ba gurbi nake roƙo ba, ban taɓa roƙo ba kuma ba zan fara a kanki ba. Amma ba za a rufe wa wasu ƙofa da bakina ba. Ki je wurin manyan naku ki ce a cire ni daga cikin waɗanda suka warke, a mayar da ni inda nake. Kuma ban yarda da lamba ba. Sunana da na mahaifina suna bayan takardar nan da manyan baƙaƙe. Haka za a rubuta shi, cikakke, a sa mai walda a gabansa.

Ki gaida likita. Wassalam.