Ƙayar Aduwa a Bakin Garmaho

Zuwa ga maigidana Kofur,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan ƙasa ta yi maka sauƙi. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Ko kana da rai ma da wuya ka karanta, don kai ka ce rubutun da na koyo a ajin manya kamar kaji ne sunka bi ta kan ɗanyen daɓe. To ka yi haƙuri, kajin ne dai sunka sake biyowa.

Na fita takaba lafiya. Albasarka ta fadamar Danchadi ta yi kyau, yayanka Malam Buba ya cire ta. Jakinka ya daina kukan hantsi tunda babu mai tsokanarsa. Dogon ƙahon nan naka mai zugewa yana nan rataye a ɗaki. Ranar rabon gado ba wanda ya ko dube shi. Malam Buba ya ce a kai wa maƙeri ya narke shi ya yi mundaye, na ce sai dai a narke mu tare. Yanzu zanzaro ya yi ɗaki a bakinsa. Na ƙyale shi, don duk Bodinga shi kaɗai ya taɓa matsowa kusa da ƙahon nan da son ransa.

Ba wannan ya sa na ɗauki alƙalami ba. Ƙarya na yi maka, Kofur, har shekara tara.

Ka tuna da ka dawo daga soja da ƙahon, da garmaho, da faifai uku? Ka ce kiɗan sunansa jaz, wajen baƙaƙen sojan Amurka ka koyo shi a Indiya lokacin yaƙi. Ka ce da kunka sauka Ikko anka ɗauki busarku a faifai, kuma kai ka tsara wa kowa inda zai shiga da inda zai yi shiru. Amma sunan da anka buga a tsakiyar faifan na Sajenku ne, mai ƙaramin ƙaho. Naka ko harafi babu. Masu kakakin Hakimi sunka yi ta yi maka dariya, wai ina anka taɓa ganin ƙahon da bai san tsawonsa ba, yanzu ya miƙe, an jima ya koma. Ni ma na dara, a bayan zana dai.

Kowace Juma'a bayan la'asar sai ka wana garmaho, ka zaunar da ni. Kiɗa ya yi nisa, ka ɗaga yatsa, ka ce, "Ga ni nan, A'i. Kin ji ni?" Ni kuwa in gyaɗa kai in ce na ji. Wallahi ban taɓa ji ba. Abin da ke shiga kunnena ƙarar Sajen nan ce kawai, kamar an biyo zabuwa da sanda. Mi zan ce maka? Ga ka kana murmushi har kunne, in ce mijina babu shi a faifansa?

Tunda na fara, bari in juye duka. Faifai na farko jaki ya taka, wannan ka sani. Na biyu da ya lanƙwashe, ka yi mako kana zagin mutanen Ikko da aikin ha'inci, ba ruwansu. Ni ce. Damina ta wuce, na ji yana warin sanyi, na shanya shi a rana kusa da kuɓewa. Kuɓewa ta bushe lafiya. Takardun nan kuma masu ɗige-ɗige da ka ce a ciki ka rubuta busar kowa, waɗanda ka ɗora wa gara laifi, daddawa na ƙunsa da su. Ni ina na san ɗigo magana ne?

Saura faifai ɗaya ke nan. Duk kwanakin takaba ina dubansa, ina cewa ran da na fita sai na nemo ka a ciki ko ta halin ƙaƙa. Da na fita na wana garmaho, sai na tarar allurarsa ta ƙarshe mai bin faifai ta dakushe, sabuwa kuwa sai kanti a Sakkwato. Na wasa ta a dutsen niƙa. Kai, Kofur, ashe ɓarna na yi. Tana tafiya tana kankare faifan, baƙin gari na fita. Na sa sau uku, kullum muryar ƙara dushewa take, kai kuma ban ji ka ba. Tsoro ya kama ni. Na ga zan cinye ka da hannuna tun ban same ka ba.

Na naɗe kayan a zane na hau mota zuwa Shagari wajen Yaya Hajo, don na kasa zama da abin ni kaɗai. Ka san ta, ba ta taɓa ɗaukarka mai cikakken hankali ba. Na same ta tana cire sartse a ƙafa da ƙayar aduwa. Da na gama koke-kokena ta ce ita ba ta ga abin da ƙarfe ya fi ƙaya ba, in ban da tsada da tsatsa. Ta goge ƙayar a zanenta, ta cusa a bakin garmaho inda allura ke zama, ta ɗaure. Na ce za ta kashe ni. Ta ce in wana.

Kiɗan ya fito a hankali, kamar daga gidan maƙwabta. Ihun Saje ya kwanta. Sai ga wani abu a ƙarƙashi, mai kauri, yana sauka yana hawa ba gaggawa. Yaya Hajo ce ta riga ni. Ta ce ai ga kukan saniyar nan da mijinki ke yi a bayan rumbu.

Shi ne, Kofur. Busar nan da kake yi kullum da hantsi jaki na amsa maka, wadda nake toshe kunne ina cewa ba kai ba gindi. Ashe rabin zance ce, sauran masu maganar ka baro su a Ikko. A faifan in ka sauka duk su sauka, in ka ja su biyo ka. Saje ya tsaya shan iska, kai ka riƙe masa wurin har ya dawo. Shekara tara kana busa rabonka kai kaɗai a bayan rumbu, kana jin sauran a ranka, ni ina daka da ƙarfi don kada in ji. Na yi kuka har Yaya Hajo ta daina dariya, ka kuwa san wannan ba ƙaramin aiki ba ne.

Ƙaya ba ta cin faifai, ita ke cinyewa. Kowane sawu sai sabuwa, amma aduwa ba ta ƙarewa a ƙasar nan. Na ciko gwangwani na dawo gida. Jiya Juma'a bayan la'asar na wana, da wurin busarka ya zo sai na ga yatsana a sama, ba kowa a gabana sai jaki.

Don Allah ka yafe mini kuɓewa da daddawa. Tambayar nan taka kuwa, ga amsarta, ta makara amma wannan karon ba ƙarya: na ji ka.

Allah ya kai haske kabarinka. Sai mun zo.

Ni ce taka mai kunnen ƙashi,
A'i, Bodinga